Ba Don Gizo Ba

Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwa da dare yana sauraron tatsuniya ya san yadda ake rufe ta. Idan labari ya kai ƙarshe, sai mai bayarwa ta ce ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. A wasu gidajen ba a tsayawa nan, sai a ƙara da cewa da ma ƙaryar ce na shara muku. Yara su yi dariya, a watse a kwanta. Mun ji wannan magana tun ba mu san dama da hagu ba, shi ya sa ba mu cika tsayawa mu auna nauyinta ba. Ga mace mai shekaru, wadda in ta kama jikanta da ƙarya sai ta murɗe masa kunne, ga ta kuma da bakinta tana shaida wa jikokin nan cewa abin da ta raba dare tana faɗa musu bai faru ba. Ba ta jin kunya, su ma ba su ganin ta yi laifi. Gobe war haka za su sake kewaye ta, ta ce ga ta nan ga ta nanku, su ce ta zo mu ji ta.

Abin ya fi ɗaure kai idan aka tuna matsayin da gaskiya take da shi a bakin Bahaushe. Mu ne muke kiran ta dokin ƙarfe. Mu ne muke cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, ƙarya kuma fure take ba ta 'ya'ya. Idan ana lissafa halayen mutumin kirki, da ita ake farawa kafin a zo ga amana da haƙuri da kunya. Ko jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda iyaye da kakanni suka goge karatun bokonsu da ita, sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo. Amma da zarar rana ta faɗi, gwarzon da muke miƙa wa 'ya'yanmu shi ne Gizo: maƙaryaci, makwaɗaici, malalaci, mai tsamin baki, wanda ba ya noma sai dai ya ci na wani, wanda ko matarsa Ƙoƙi ba ta tsira daga cutarsa ba. Na daɗe ina juya wannan al'amari a raina, kuma ban gamsu da amsar da aka saba bayarwa a aji ba, wai ana kawo Gizo ne domin yara su ga sakamakon mugun hali su guje masa. Wane sakamako? Sau da yawa tsira yake yi, da cikinsa a cike.

A ɗauki labarinsa da hankaki, yadda na san shi. Ana yunwa a gari, hankaki suka gano wani ɓaure a tsakiyar kogi, inda babu mai iya kaiwa sai mai fiffike. Gizo ya yi ta naci yana marairaicewa har suka ji tausayinsa, kowanne ya cire gashi ɗaya ya ba shi, ya haɗa fukafukai ya bi su. Da aka isa, duk ɓauren da wani ya kai baki zai tsinka, sai Gizo ya daka masa tsawa, wai nasa ne, shi ya riga gani. Haka ya hana masu alherin cin komai, ya cika burgaminsa. Da suka gaji, kowanne ya fizge gashinsa, suka tashi suka bar shi a kan reshe, ruwa gaba ruwa baya. Da malamin tarbiyya ne ya tsara labarin, a nan zai dasa aya: ga butulu, ga abin da butulci ya jawo masa. Tsohuwa ba ta tsayawa. Gizo ya faɗa ruwa, ya tsinci kansa a gidan kadoji, nan take ya fashe da kuka, wai shi ɗan uwansu ne da ya ɓata tun yana ƙarami, yau Allah ya sada su. Suka karɓe shi hannu bibbiyu, suka sauke shi a ɗakin da suke ajiyar ƙwai. Cikin dare ya yi ta gasawa yana ci. Da safe ya nemi a ƙetarar da shi, kuma ko da 'yan gida suka gano ta'asar, suka yi ta ƙwala wa mai ɗauke da shi kira daga baya, Gizon ne ya yi masa tafinta, ya ce cewa suke yi ka yi sauri. Ya taka tudu lafiya lau. Wanda ke ganin na zaɓo wanda ya yi mini daɗi ne, ya buɗe tarin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga cikin littafi uku tsakanin 1911 da 1913, ko Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Zai ga Gizo yakan sha duka, yakan maƙale a jikin 'yar danƙo, amma gobe yana nan da halinsa, ko gezau.

A wannan gaɓar yara tafi suke yi. Ba hankaki suke goyon baya ba, ba kuma kadoji ba, kuma ba don su mugaye ne ba. Yaron da ke zaune a wurin ya wuni cikin dokoki: kada ka kalli babba a ido, kada ka riga yayanka sa hannu a kwano, kada ka taɓa nama sai an ba ka, in ka je gidan mutane aka yi maka tayi ka ce ka ƙoshi ko da cikinka na ƙugi. Kunya ce ta raine mu, kuma ni ban ga abin da ya fi ta riƙe gida ba. Uwa ta ƙi ambatar sunan ɗanta na fari, suruki ya kauce hanya in ya hango surukarsa, mai bin bashi ya zo ya yi ta gaishe-gaishe ya tashi bai ambaci kuɗinsa ba. Sai dai abin da kunya ta hana a faɗa, ba ta kashe shi ba. Kwaɗayin yana nan, hassadar tana nan, son a ce komai nawa ne yana nan daram a zuciyar yaro da ta dattijo. Gizo ne kaɗai a duk garin da aka yarje wa ya fito da su fili. Idan ya ce shi ya riga kowa ganin ɓauren, yaro ya gane muryar, domin ɗazu da rana ta yi magana a cikinsa lokacin da ake rabon rake, ya danne ta. Dariyar da yake yi ta ganewa ce. A ganina wannan ganewa ta fi masa nasiha ɗari amfani, domin mutumin da bai taɓa haɗuwa da Gizon da ke cikinsa ba shi ne wanda Gizon zai fi saurin kayarwa ran da aka damƙa masa dukiyar marayu ko makullin baitulmali.

Akwai wata fuskar kuma. Gizo ƙaramin halitta ne a cikin manya. Ba shi da ƙarfin giwa, ba shi da haƙorin kura, ba shi da sarautar zaki. Sa'ad da ya ci bashin giwa a tudu, ya ci na dorina a ruwa, sannan ya miƙa wa kowacce bakin igiya ɗaya ya ce ga dokin da zan biya ki da shi, ja, suka wuni suna jan juna, duk talakan da ke sauraro ya ji sanyi a ransa. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai karɓar haraji ko dogarin sarki ba shi da makami sai harshensa, ya san darajar wannan dabara. Amma tatsuniya ba ta yi mana rangwame ba. Wayon da ya kayar da giwa shi ne dai wayon da ya cuci hankakin da suka ba shi gashin jikinsu. Ba a raba mana shi gida biyu an ce ga mai kyau ga mummuna ba. Abu guda ne a jikin mutum guda, yau ya cece shi daga azzalumi, gobe ya mayar da shi azzalumin.

Magabata ba su saki abin kara zube ba. Tatsuniya tana da lokacinta, dare, bayan an gama aikin yini an ci tuwo. An tsoratar da mu cewa mai yin ta da rana zai ɓata a kasuwa. Tana da ƙofar shiga da ƙofar fita. An ɗaure ta ne kamar yadda ake ɗaure akuya a turke da damina, ta ci ciyawarta ba ta shiga gonar kowa ba. Wannan ɗauri shi ne ya raba ta da ƙarya. Ƙarya ba ta cika sai da wanda aka yaudara, wanda ya ɗauki magana da gaske ya gina wani abu a kanta, ya ba da bashi, ko ya saki matarsa, ko ya ƙulla gaba da maƙwabci. A gaban tsohuwa babu wanda aka yaudara. Ɗan shekara huɗu ma ya san kada ba shi da ɗakin baƙi. An yi yarjejeniya tun farko: ni zan faɗi abin da bai taɓa faruwa ba, ku kuma ku tsinci abin da yake faruwa kullum a cikinsa.

Rigima ta taso ne ran da aka ce a ɗora abin a takarda. A 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da hukumar fassara da talifi a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman masu ilimi su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, a yi gasa. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa wahalar farko da ya sha ita ce shawo kan malamai su yarda aikin ya cancanci lokacinsu, domin a wurinsu ba da labari sha'anin mata ne da yara. Abu ne mai sauƙi yau a yi wa waɗannan malamai kallon masu taurin kai, amma ni ina ganin hujjarsu. A ƙasar da suka tashi, rubutu abu ne mai alfarma. Da shi ake rubuta aya a allo, a wanke a sha. Takarda mai rubutu ba a taka ta, in an gan ta a ƙasa sai a ɗauka a soke a jikin danga. Hausar da aka rubuta da ajami kafin zuwan Turawa, yawancinta waƙoƙin wa'azi ne da tauhidi da fiƙihu da begen Annabi, irin waɗanda gidan Shehu Usmanu, musamman 'yarsa Nana Asma'u, da almajiransu suka bari. Abin da aka rubuta, an ɗauka gaskiya ne. Ga kuma hadisin da ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ke shara ƙarya domin ya ba mutane dariya. To, a ce wa mutumin da ya tashi a haka ya ɗauki alƙalami ya ƙirƙiri sarkin da ba a taɓa yi ba? Takarda ba ta san dare ba, ba ta san rana ba. Tana faɗawa hannun wanda bai ji buɗewa ba, bai ji rufewa ba, babu kuma tsohuwa a gefensa da za ta ce masa da ma ƙarya ce.

Duk da haka aka samu masu rubutawa, littattafai biyar suka fito: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Imam a lokacin yana da shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda ya samo madogara. Daga zauren malaman ne kansu. Shi da bakinsa ya faɗa cewa dabarar haɗa mutum biyu suna ta yi wa juna wayo, Alhaji Imam da Malam Zurƙe, daga Muƙamatul Hariri ya aro ta. Wannan littafi kuwa, duk almajirin da ya yi nisa a lugga a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya san shi. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122, ya tsara muƙama 50 a kan wani tsoho mai suna Abu Zaid, wanda ke bin gari gari yana sauya kama. Yau mai wa'azi ne a maƙabarta yana sa jama'a kuka, gobe makaho ne ana yi masa jagora, jibi yana gaban alƙali da ƙarar da suka kitsa shi da ɗansa. Ya tatsi aljihun mutane da zaƙin baki ya sulale, sai mai ba da labarin, Harisu, ya bi sawunsa ya same shi yana holewa da abin da ya samu. Wato ƙarni da ƙarni malamanmu suna zaune a kan buzu suna karantar da labarin ɗan uwan Gizo, suna warware kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, suna jinjina wa fasaharsa.

Hariri ma ya hango zargin tun kafin ya iso. A gabatarwar littafin ya kare kansa da cewa labaransa daidai suke da waɗanda ake sa wa a bakin dabbobi da abubuwa marasa rai, waɗanda ba a taɓa jin an ɗora wa mai ba da su zunubi ba, kuma ayyuka da niyya suke tafiya. Mai karatu a zamaninsa zai tuna da Kalila da Dimna, labarin diloli biyu a fadar zaki, wanda ya taso daga Indiya ya bi ta Farisa, Ibn Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8. Hujjar babban malamin Basra da ta tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, guda ce.

Imam bai tsaya nan ba. Magana Jari Ce, littafi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939, labaransa ya tsinto su daga ko'ina, Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya da na gida, ya mayar da su Hausawa sak. Amma ginshiƙin littafi na farko ne ya fi tsaya mini a rai. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, ga waziri maci amana yana ƙulla yadda za a ga bayan yaron da zarar ya sa ƙafa waje. Musa ya ƙi zama, jininsa na tafasa, so yake ya bi su fagen fama. Umarnin uba bai isa ya riƙe shi ba. Aku ne ya riƙe shi, da labari. Kullum dare in ya yi shiri ya zo sallama, sai aku ya jefa masa wata magana da za ta sa ya tambaya, daga tambaya sai labari, daga labari sai asuba.

Akwai sanin halin ɗan Adam mai zurfi a nan. Da aku ya dogara ga kada ka fita kawai, da Musa ya fita. Mutum, balle saurayi, in aka ce masa kada, sai abin ya ƙara masa zaƙi. Gaskiya tsirara tana zuwa ne da mai ita a bayanta, kuma kafin mu auna maganar mun riga mun auna mai maganar: wane ne shi da zai gaya mini? Labari ba ya nuna kowa da yatsa. Yana magana ne a kan wani sarki a wata ƙasa, sai mai sauraro ya saki jiki, ya yanke wa sarkin nan hukunci da zuciya ɗaya, sai can daga baya, wataƙila yana kwance, ya gane kansa ya yanke wa. Bahaushe ya daɗe da sanin haka, shi ya sa ya ƙware a habaici da karin magana da gugar zana. Matar da ba za ta iya duban mijinta ta ce ka zalunce ni ba, takan zuba maganar cikin waƙar niƙa, shi kuma yana zaure yana ji, ba a kira sunansa ba, amma saƙon ya isa.

Ba mu kaɗai muka yi wannan muhawara ba. A Girka, fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Aflaɗun, wanda 'yan boko suka sani da Filato, ya so a nesanta mawaƙa masu kwaikwayo daga birnin da ya tsara a tunaninsa, domin a ganinsa suna kwaikwayon abin da shi ma kwaikwayo ne, suna kuma motsa zuciya har ta rinjayi hankali. Almajirinsa Aristotil ya saɓa masa. Ya ce mai tarihi yana faɗin abin da ya faru ne, mawaƙi kuwa yana faɗin abin da kan iya faruwa, saboda haka aikin mawaƙi ya fi kusa da falsafa. Shi kansa Aflaɗun, da ya zo bayyana mafi zurfin tunaninsa, labari ya ƙaga: mutanen da aka ɗaure a kogo tun suna yara, ba su ganin komai sai inuwa a bango, har suka ɗauka ita ce duniya.

Inda maganar Aristotil ta fi fito mini fili shi ne Shaihu Umar. Littattafan tarihi sun gaya mana an yi cinikin bayi ta hamada, sun zana hanyoyin ayari daga Kano zuwa Tarabulus, sun faɗi kayan da ake musaya. Mutum na iya haddace wannan duka ya ci jarrabawa bai ji komai a ƙirjinsa ba. Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta a Bauci a lokacin, wanda daga baya ya zama Firayim Minista, uwa guda ya ba mu. An raba ta da ɗanta, ta bar gida ta shiga duniya nemansa, ita ma aka bautar da ita, aka ƙetara hamada da ita, ba ta sake sa shi a ido ba sai da ƙarfinta ya ƙare. Ta gan shi, ba da jimawa ba ta cika. Wannan mata ba a taɓa haihuwarta ba. Amma ɗimbin matan da aka haifa, waɗanda babu wanda ya rubuta sunansu, ta bakinta muke jin su. Idan aka ce mini labarinta ƙarya ne, sai in tambaya, to gaskiyar tasu a wane kundi take? Ƙarfin littafin kuma yana cikin abin da marubucin ya ƙi yi. Bai saka wa uwar da tsawon rai da jikoki ba. Ta yi haƙuri, ta yi tawakkali, ta mutu a baƙuwar ƙasa.

A nan ne nake da ƙorafi a kan da yawa daga abin da muka rubuta tun wancan lokaci. Zargin da aka yi wa ƙagaggen labari bai mutu ba, marubuta kuma suka samo hanyar biyan sa haraji, wato babin ƙarshe. A kwashe littafi guda ana nuna mugu yana sheƙe ayarsa, sannan a 'yan shafukan ƙarshe a aiko masa da haɗarin mota, ko gobara, ko hauka, ko ciwon da likitoci suka kasa ganewa. Muguwar kishiya ta bi bola tana tona asirin kanta, boka ya mutu a wulaƙance, baiwar Allah mai haƙuri ta auri mai kuɗi. Da haka marubuci zai iya tsayawa gaban kowa ya ce shi faɗakarwa yake yi. Ko Hariri sai da ya sa Abu Zaid ya tuba a muƙama ta ƙarshe, ya koma garinsu ya lizimci masallaci. Ban ce tuba ba ta faruwa ba, ban kuma ce alhaki ba ya kama mai shi tun a duniya ba, mun gani da idonmu. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da shi doka, wadda duk littafin da bai bi ta ba ya zama abin tuhuma.

Balaraba Ramat Yakubu ta nuna ana iya bin wannan hanya a kuma faɗi gaskiya. Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, sunansa kaɗai alkawarin sakayya ne, kuma an yi ta. Alhaji Abdu, ɗan kasuwar da ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda sabuwar amarya, gobara ta cinye masa shago, auren da ya yi domin son zuciya ya watse, ya koma abin tausayi. Amma a duba wa aka ɗora wa nauyin. Rabi, wadda ta tsaya da ƙafarta tana sayar da abinci har ta ga 'ya'yanta sun kama hanya, ita aka taru a kanta, mazan dangi suka matsa mata ta koma ta tattara abin da ya rage na mutumin da ya wulaƙanta ta. Hukuncin da ya sauka a kansa, rabinsa a wuyanta ya ƙare. Marubuciyar ta biya harajin da ake nema, ta kuma nuna daga aljihun wa aka ciro shi.

Tun ƙarshen shekarun 1980 da littattafan kasuwar Kano suka yawaita, mata da matasa suna rubutawa suna bugawa da kuɗinsu, ba a daina zarginsu da ɓata tarbiyya ba, har a 2007 aka tara wasu aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Akwai marasa kan gado a cikinsu, babu musu, waɗanda aka rubuta cikin gaggawa don kasuwa. Amma auren dole da sakin wulaƙanci da kishin da ke kai wa ga boka, ba littafi ya kawo su ba, a gida marubutan suka tarar da su. Abin da tsangwamar ta haifar shi ne ƙarin tsoro, tsoron kuma ya haifar da ƙarin wa'azi da ƙarin azaba a babin ƙarshe. Yanzu da labarai suka koma waya, ana sakin su babi babi ta WhatsApp, masu karatu ne da kansu ke tsaye a kan marubuciya, suna neman ta gaggauta wulaƙanta muguwar.

Wannan sakayya ta dole ba ƙaramar ɓarna take yi ba, kuma ba a cikin littafi ɓarnar take tsayawa ba. Wanda ya sha karanta cewa duk mugu gobara ce ƙarshensa, ran da wuta ta tashi a kasuwa zai dubi wanda shagonsa ya ƙone ya ce ko me ya aikata. Matar da ta samu taɓin hankali, a ce asirin da ta yi ne ya koma kanta, maimakon a kai ta asibiti. Haka muke ƙara wa wanda aka jarraba ciwo a kan ciwo, alhali mun karanta ƙissar Annabi Ayuba, mun san cuta da asara ba shaidar laifi ba ne. Ita kuma wadda ta yi haƙurin shekara da shekaru, ba ta ga sauƙin da littafi ya yi mata alkawari ba, azzaluminta sai ƙiba yake yi, za ta fara tuhumar kanta, ko ta tuhumi haƙurin. Addininmu bai ce a nan ake gama hisabi ba. Ya ce akwai ranar da aka tanada dominsa, ya kuma gaya mana ana yi wa azzalumi talala. Marubucin da ya ƙi barin mugu ya fita daga littafinsa sai ya ga bayansa, gaggawa yake yi a kan hukuncin da ba shi aka ba ba.

Tsofaffin da suka bar Gizo ya taka tudu lafiya sun fi mu ƙarfin zuciya, ina kuma jin sun fi mu sakankancewa da Allah. Mata ne da suka ga fari da yunwa da hari da mutuwar 'ya'ya. Sun san sarai cewa mai wayo yakan ci ya kwana lafiya, ba su kuma ɓoye wa jikokinsu ba, domin jikokin za su haɗu da shi a kasuwa da fada da cikin dangi, gara su san kamanninsa tun da wuri.

Ina jiran littafin Hausa da zai ɗauko ɗan kwangilar da ya cinye kuɗin ginin asibitin ƙauye, ya bi shi cikin natsuwa, ya nuna mana yadda yake son 'ya'yansa, yadda yake rabon hatsi da azumi, yadda yake lallashin zuciyarsa da dare har ta yi shiru. Ya nuna mana matar da ta rasu wajen haihuwa a kan hanyar zuwa birni, ba tare da ɗan kwangilar ya taɓa jin sunanta ba. Sannan ya bar shi ya tsufa cikin daraja, ya cika a kan gadonsa, jama'a su cika unguwa ranar jana'iza ana faɗin alherinsa, marubucin kuma kada ya ƙara ko kalma ɗaya. Mai karatu ya san mutumin, wataƙila ma yana cikin sahun da ya sallace shi.